Kafin Ka Taɓa Komai, Ka Nemo Zangon Da Sunan Ya Tsaya

Ƙannena maza da mata da Allah ya ajiye abincinku a sashen kula da kwamfutoci, ko a banki ne, ko a jami'a, ko a kamfanin sadarwa, ko a wata ma'aikatar gwamnati, akwai koken da ba za ku cika wata uku a bakin aiki ba ku ji shi ba. An ɗauki sabuwar ma'aikaciya ranar Litinin, kun buɗe mata akwatin imel da hantsi, kafin azahar sai ga wayar shugaban sashenta: "Na rubuta sunanta a Outlook, na nema na nema, babu ita. Wai kun yi aikin kuwa?" Wani lokaci kuma ƙarin girma aka yi wa mutum, kundin adireshi yana nan yana nuna tsohon muƙaminsa. Wani lokaci ma'aikaci ya ajiye aiki tun makon jiya, amma sunansa na nan daram, abokan aiki suna ta aika masa takardu. Abin da yawancin masu sabon hannu suke yi a wannan gaɓa iri ɗaya ne. Su ruga ofishin mai ƙorafi, su kashe kwamfuta su kunna, su goge wani abu, su sake girka wani, in ya ƙi su kwafo wani umarni daga intanet su zuba wa sabar kamfani. Nasihata gare ku ita ce ku riƙe hannunku tukuna. Kundin adireshin da ma'aikaci yake gani a allonsa kwafi ne da aka kwafo daga wani kwafin, kowane kwafi kuma da agogon da yake bi. Aikinku na farko shi ne ku gano a wane zango sunan ya tsaya, da kuma ko tsayawar ta ƙa'ida ce ko ta lalacewa.

Zan yi maganar a kan Exchange da Outlook na kamfanin Microsoft, domin su ne suka fi yawa a manyan ofisoshi, kuma a cikinsu ne wannan jinkiri ya fi yin suna. Asalin bayanan kowane ma'aikaci, wato sunansa da adireshin imel ɗinsa da lambar wayarsa da sashensa, yana zaune ne a rumbun da ake kira Active Directory, wanda ya zo da Windows 2000, kuma tun daga Exchange 2000 tsarin imel ɗin ya jingina da shi. Daga wannan rumbu ake fitar da babban kundin adireshi na ma'aikata baki ɗaya, wanda masu sana'ar ke taƙaita sunansa da GAL. Da a ce kowace kwamfuta za ta riƙa leƙa wannan kundi kai tsaye duk sanda aka rubuta suna, da jinkirin bai kai haka ba. To amma a Outlook 2003 aka shigo da wani tsari, inda manhajar ke ajiye kwafin akwatin imel a cikin kwamfutar mai aiki, domin ya ci gaba da karatu da rubutu ko layi ya yanke. Tun da mutum zai rubuta wasiƙa ba tare da layi ba, dole ya riƙe adireshin abokan aikinsa a hannu. Shi ya sa sabar take ɗaukar hoton babban kundin lokaci-lokaci, ta dunƙule shi, kwamfutoci su sauke su ajiye. Wannan shi ne OAB, ni kuwa zan kira shi kundin guzuri, don guzuri ne aka ɗaure wa matafiyi. Kuma kowa ya san guzuri: abin da aka dafa a gida bayan ka tashi ba ya cikinsa.

Yanzu mu ƙirga zangunan da agogonsu, don a nan ne hujjata take. Idan kamfani yana da rassa a garuruwa daban-daban, kowane reshe da na'urar da ke riƙe kwafin Active Directory, canjin da aka yi a hedikwata yakan isa na'urorin da ke wuri ɗaya cikin daƙiƙoƙi, amma tsakanin wuri da wuri ƙa'idar da Microsoft ta saka tun farko minti 180 ce, wato awa uku, kuma a tsarin jadawali ba a iya rage ta ƙasa da minti 15. Idan akwatunan imel ɗin suna gajimaren Microsoft 365 amma asusun ma'aikata na gida ne, akwai manhajar da ke kai canje-canje sama, wadda a da ake kira Azure AD Connect, aka sauya mata suna zuwa Entra Connect bayan sauyin sunan da aka yi a 2023, ita kuma duk minti 30 take zagayowa. Sai ɗaure guzurin kansa. A Exchange 2010 sau ɗaya ake yinsa a rana, da ƙarfe 5 na asuba, sannan sabar da ke raba shi ga kwamfutoci takan leƙo sabo duk minti 480. A sababbin Exchange an mayar da ɗaurin duk awa 8. Na ƙarshe shi ne Outlook, wanda ke neman sabon guzuri sau ɗaya a cikin awa 24. Ku ɗauki alƙalami ku yi lissafin da kanku. A tsohon tsarin, asusun da aka buɗe ƙarfe 9 na safiyar Litinin ba zai shiga guzuri ba sai asubar Talata, awa 20 ke nan. Sabar rabawa na iya kaiwa ƙarfe 1 na ranar Talata kafin ta ɗauka. Kwamfutar da ta sauke nata gab da wannan lokaci kuwa sai ƙarfe 1 na ranar Laraba. Awa 52 sun tafi, kuma babu ko ƙusa ɗaya da ta kwance a cikin tsarin. A sabon tsarin ma, in ka tara awa uku da takwas da ashirin da huɗu, kana maganar yini ɗaya da rabi ne. Wanda ya san wannan lissafi, idan aka kira shi bayan awa uku da buɗe asusu, ya san babu abin gyara. Wanda bai sani ba zai kwana yana gyaran abin da bai ɓaci ba, wataƙila ma ya ɓata mai kyau.

Gwajin farko bai fi minti biyu ba, kuma shi ne yake raba hanya gida biyu. Ka buɗe burauza, ka shiga imel ɗin kamfani ta shafin yanar gizo, ka nemi sunan. Outlook na burauza ba ya riƙe guzuri, babban kundin yake tambaya kai tsaye. Idan sunan ya fito a can, to rumbu lafiya lau, babban kundi lafiya lau, abin da ya rage tsakanin ɗaure guzuri ne da sauke shi. Idan bai fito ba, ka bar kwamfutar mai ƙorafi ta huta, don ko sau ɗari ka sauke mata kundi ba za ta samu abin da ba a zuba ba. Rashin yin wannan gwaji shi ne abin da ya fi jawo a bar jaki ana dukan taiki a wannan sana'a. Ka ƙara da tambaya guda: mutum ɗaya ne ba ya ganin sunan, ko reshe ɗaya ne, ko kowa da kowa? Amsar tana nuna maka wajen da za ka dosa tun kafin ka tashi daga kujerarka. Mutum ɗaya, kwamfutarsa ce. Reshe ɗaya, layinsu ne ko na'urar rumbunsu. Kowa da kowa, sabar ce.

A ce sunan bai fito a burauza ba. A nan sai ka koma kan asusun ka dube shi da idon basira. Sau da yawa an ƙirƙiri asusun shiga kwamfuta ne amma ba a haɗa masa akwatin imel ba, ko kuma a gajimare ba a ba shi lasisi ba, kuma wanda ba shi da adireshi ba ya shiga kundin adireshi. Wani lokaci an kwafi asusun wani tsohon ma'aikaci don a rage aiki, ko an farfaɗo da asusun wanda ya tafi ya dawo, sai alamar ɓoye suna daga kundi ta biyo shi ba a lura ba. Akwai ɗan akwatin da ake yi wa maki don ɓoyewar, a rumbu kuma sunan gurbin msExchHideFromAddressLists. A kamfanonin da ke haɗa gida da gajimare, babban mai tare hanya shi ne adireshi ɗaya a kan asusu biyu. Manhajar da ke kai canje-canje sama tana ganin haka sai ta kasa kai bayanin yadda yake, ta rubuta kuskuren a rahotonta, rahoton kuma ya zauna babu mai buɗewa. Wannan ya fi shafar ofisoshinmu fiye da yadda ake zato, domin a ma'aikatar da ke da Muhammad da Abubakar da Aisha da Fatima bila adadin, in dai ƙa'idar adireshi ita ce sunan farko da na mahaifi, karo ba ya ƙarewa. Duk waɗannan matsaloli ne na gaske, jira ba ya warkar da su, kuma ba a gano su sai an karanta rahoto.

A ce kuma sunan ya fito a burauza, an kwana biyu, amma babu wanda ya gan shi a Outlook na kan tebur. Yanzu zargi ya koma kan mai ɗaure guzuri. Daga Exchange 2013, wannan aiki yana hannun wani akwatin imel na musamman wanda ba na mutum ba ne, sunansa yana farawa da SystemMailbox sai dogon jerin haruffa da lambobi. Sabar da ke ɗauke da rumbun akwatunan imel da akwatin yake ciki ita ce ke ɗaure kundin. In aka sauke wannan rumbu don gyara aka manta ba a mayar ba, ko faifan sabar ya cika, ko wani mai son tsafta ya ga akwati mai baƙon suna ya goge shi, ɗauri ya tsaya cak, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Imel zai ci gaba da shiga da fita, kowa na aikinsa, kundi ne kawai ya daskare a ranar da abin ya faru. Ka je ka dubi kwanan watan fayilolin guzurin a kan sabar, ka karanta rahoton abubuwan da suka auku a lokacin da ya kamata a yi ɗaurin. Idan komai lafiya ne, sauri kawai ake bukata, akwai umarnin Update-OfflineAddressBook da ke sa a ɗaure sabo nan take. Amma ku lura, wannan umarni na masu sabar gida ne. Wanda akwatunansa ke gajimaren Microsoft ba shi da shi, agogon ɗaurin ba ya hannunsa.

Zangon ƙarshe shi ne kwamfutar mai aiki, kuma ina so ku saba da kallonsa kusa-kusa. A cikin jakar mai amfani da Windows akwai ɓoyayyar jaka AppData, cikinta Local, cikinta Microsoft, cikinta Outlook, sannan jaka mai suna Offline Address Books. Buɗe ta za ka ga wata jakar mai dogon suna na lambobi, a ciki 'yan fayiloli ne masu ƙarewa da .oab, kowanne da kwanan wata a gefensa. Wannan kwanan wata shi ne shaidarka. Idan na jiya ne, kwamfutar tana bin ƙa'ida, haƙuri ya rage. Idan na wata biyu da suka wuce ne, saukewa ta daɗe da mutuwa, sabuwar ma'aikaciyar ce kawai ta tona asirin. Dalilan mutuwar sanannu ne. Outlook yana samun adireshin da zai je ya ɗauko kundi ne ta hidimar Autodiscover, in ta ba shi adireshin da ba daidai ba ko ba ta ba shi komai ba, zai yi ta komawa hannu rabbana. Kana iya ganin abin da ta ba shi idan ka danne maɓallin Ctrl, ka latsa ƙaramin tambarin Outlook da ke kusa da agogo da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi gwajin saitin imel. Saukewar kanta wata hidimar Windows ce mai suna BITS ke yinta a hankali a bayan fage, in an kashe ta ko layukan aikinta sun cunkushe, babu abin da zai sauka. Idan kuma Windows ya ɗauki layin a matsayin na data mai ƙidaya, kamar yadda yakan faru ga wanda ya haɗa kwamfuta da wayarsa, Outlook yakan ja da baya don kada ya cinye masa kuɗi. Manhajar ba ta ɓoye kukanta: akwai jakar matsalolin daidaitawa a cikin jerin jakunkunan akwatin imel, a can take rubuta abin da ya faru, kuma lambar da aka fi gani ita ce 0x8004010F, ma'anarta an je neman abu ba a same shi ba. Bayan ka gano dalili ka gyara, sai ka shiga sashen aikawa da karɓa, ka zaɓi sauke kundin adireshi, ka cire makin da ke cewa a sauke canje-canje kaɗai, domin ya ɗauko cikakke. Ku san kuma cewa a kullum Outlook bambancin jiya da yau kawai yake saukewa. Sabar tana ajiye waɗannan gutsattsarin na kwana 30, wanda ya wuce haka bai sauke ba dole ya ɗauki cikakke, haka ma in gutsattsarin suka haura kashi ɗaya cikin takwas na girman kundin.

Akwai wani abu da ake yawan ɗora wa kundin adireshi laifinsa alhali ba ruwansa. Sunayen da ke faɗowa da kansu idan ka fara rubuta haruffa biyu ko uku a gurbin mai karɓa, yawancinsu daga wani ɗan littafin tuni suke, wanda Outlook ke tara wa kowane mutum daga wasiƙun da ya taɓa aikawa. A da fayil ne mai ƙarewa da .nk2, daga Outlook 2010 aka mayar da shi cikin akwatin imel. Sauke kundin guzuri ba ya taɓa shi. Idan aka goge asusun mutum aka sake ƙirƙirarsa da adireshi iri ɗaya, littafin tuni yana riƙe da tsohuwar alamarsa ta cikin gida, wadda Exchange ke amfani da ita tsakanin ma'aikata, sai wasiƙa ta dawo da saƙon kuskure mai ɗauke da dogon adireshi mai farawa da IMCEAEX. Ga mutum ɗaya, maganin shi ne ya goge tsohon sunan daga jerin da ya faɗo ya zaɓo sabo daga kundi. Ga kamfani duka, sai a ɗauki tsohuwar alamar a ƙara ta a kan sabon asusun a matsayin adireshin X500. Wannan kaɗai ya isa ya hana ku ɗabi'ar goge asusu a sake ƙirƙira duk sanda abu ya cije, ɗabi'ar da ake ɗauka gajerar hanya ce alhali wata matsalar take haifarwa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce oga ba ya son jin lissafin awa, so yake ya ga suna yanzu, kuma tilasta ɗauri da saukewa minti goma ne, me zai sa a tsaya dogon bincike? Ban hana ku tilastawa ba. Ga mutum ɗaya mai uzuri, in gwajin burauza ya nuna sunan yana nan, ku tilasta, ko ku nuna masa yadda zai zaɓi babban kundi na kai tsaye a cikin jerin kundayen da Outlook ke nunawa, ko ku ba shi adireshin ya rubuta da hannu, wasiƙa za ta isa, domin isar da wasiƙa bai dogara da guzuri ba. Abin da nake ƙi shi ne tilastawa ba tare da sanin dalili ba. In ɗaurin ya mutu a sabar, ka tilasta yau ya yi, gobe wani sabon ma'aikaci zai zo, a sake kiranka, ka sake tilastawa, har ka zama kai ne agogon kamfanin, ranar da ka tafi hutu kuma komai ya tsaya. Sannan gyaran makanta yana da tsada da ba a gani nan take. Wanda ya goge saitin Outlook na mutum ya sake sabo ya jawo masa sauke gigabait na tsofaffin wasiƙu daga farko, a reshen da layinsa ke tafiyar hawainiya wannan yini guda ne na aiki ya salwanta. Wanda ya yi canjin da ya sa dubban kwamfutoci sauke cikakken kundi a safiya ɗaya zai ga layin rassa ya toshe, masu karɓar kuɗi da masu duba takardu suna zaune suna kallon allo.

Wasu kuma za su ce a kashe tsarin ajiye kwafi gaba ɗaya, kowa ya riƙa aiki kai tsaye da sabar, a huta. Gaskiya ne jinkirin kundi zai ɓace. Amma ku tuna abin da ya sa aka ƙirƙiro tsarin tun farko. A wurin da wuta ke ɗaukewa, layi ke yankewa sau da yawa a yini, mai aiki kai tsaye duk sanda layi ya yi tangarɗa Outlook ɗinsa ya sandare, ko wasiƙar da ya karanta ɗazu ba zai iya buɗewa ba. Ka ɗauke wa mutum damuwar da ke zuwa sau ɗaya a wata, ka ɗora masa ta kowace awa. Akwai tsaka-tsaki ga wanda ya ga dama: ana iya barin kwafin wasiƙu yadda yake, a hana sauke guzuri kawai, ta yadda neman suna zai riƙa zuwa sabar kai tsaye. Wannan ya dace da ma'aikatan hedikwata masu tsayayyen layi, musamman sashen kula da ma'aikata da ke mu'amala da sababbin sunaye kullum. Bai dace da mai yawo da kwamfuta a ƙauyuka ba. Zaɓi ne da ake yi wa kowane rukuni gwargwadon halinsa.

Ƙorafi na uku shi ne cewa wannan ilimin tsofaffi ne, duniya ta koma gajimare, kuma Microsoft da kanta ta daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Haka ne, kuma a shekarar ta fitar da wani sabon Exchange na biyan kuɗi lokaci-lokaci ga masu riƙe sabar a gida, wanda ya gaji tsarin na 2019. Masu gajimare ma, muddin suna aiki da Outlook na gargajiya mai ajiye kwafi, guzuri yana nan, abin da suka rasa shi ne ikon tilasta ɗaurinsa. Ko da an wayi gari guzurin ya ƙare baki ɗaya, ɗabi'ar da nake kiranku gare ta ba za ta tsufa ba, domin kusan duk abin da za ku riƙe a wannan aiki kwafi ne mai agogo. Sauyin adireshin shafin intanet yana jiran wa'adin da aka rubuta masa kafin ya bazu. Dokokin da ake tura wa kwamfutocin ofis daga rumbu duk minti 90 suke sabuntawa, da ɗan ƙari ko babu. Lambobin wayar da ke cikin wayar hannu suna da nasu zagayen. Wanda ya koyi bin sawun suna ɗaya daga rumbu zuwa allo ya samu hanyar da zai bi da sauran. Masu dogaro da abin da injin bincike ko manhajar hira ta ba su kuma, su sani cewa umarnin da za ta ba su yana iya zama daidai, amma ba ta ga sabar kamfaninsu ba, ba ta san wane zango ne ya tsaya ba. Kai ne za ka gaya mata, in ka bincika.

Ban ɗauki wannan magana ƙarama ba, saboda amanar da ke cikinta. Sabon suna da bai fito ba abin haushi ne na yini biyu. Tsohon suna da bai fita ba kuwa haɗari ne. Idan ma'aikaci ya bar aiki aka ɓoye shi daga kundi kawai, aka bar asusunsa a buɗe, ya kasance har yanzu yana cikin rukunin da ake aika wa takardun albashi ko na kwangila, to ɓoyewar ado ce. Rufe ƙofa yana kan asusun ne: a dakatar da shiga, a sauya kalmar sirri, a cire shi daga rukunoni, a yanke zaman da wayarsa ke riƙe da shi, a san inda wasiƙun da za su ci gaba da zuwa za su nufa. Waɗannan ba sa jiran guzuri, kuma kada ku bari wani ya ɗauka cewa ɓacewar suna daga kundi ita ce shaidar an rufe. Haka nan inda mutum biyu suke da suna iri ɗaya, kundin da bai nuna sashe da muƙami na yanzu ba yana iya kai takardar ladabtarwa ko sakamakon asibiti hannun wanda ba shi ba. Mutuncin mutane ne a cikin waɗannan gurabe da muke cikewa da gaggawa.

Saura yadda za ku yi magana da wanda ya kira. Kada ku ce masa "matsalar netwok ce" alhali kun san ba ita ba ce, don kalmar ta zama mafakar duk wanda bai bincika ba, mutane kuma sun gane. Ku ce: "Ranka ya daɗe, an buɗe asusun, ga adireshinta, in ka aika yanzu za ta samu. Sunan zai fito a kundin kwamfutarka zuwa gobe da yamma, in kuma kana so ya fito yanzu, ba ni minti biyar in zo in sauke maka." Wanda aka gaya wa lokaci, lokacin ya cika abin ya faru, zai yarda da kai a babbar magana gobe. Mafi kyau ma ku tare abin tun daga tushe. Ku zauna da sashen kula da ma'aikata ku roƙe su su riƙa turo sunayen sababbin ɗauka kwana biyu kafin ranar kama aiki. Asusun da aka buɗe ranar Alhamis ya riga ya isa yawancin kwamfutoci kafin mai shi ya shigo ranar Litinin, babu umarni, babu kira, babu ɓacin rai.

Don haka, ƙannena, gobe in kun shiga ofis, kafin wani ya kira, ku bincika abu huɗu a tsarinku: minti nawa ne tsakanin rassa, minti nawa ne zuwa gajimare in kuna da shi, ƙarfe nawa aka ɗaure guzuri na ƙarshe, kuma wane kwanan wata ne a kan fayilolin .oab na kwamfutarku. Ku rubuta su a takarda ku manna kusa da wayar da ake kiranku da ita, ku kuma nuna wa na ƙasa da ku inda kuka samo kowace lamba.